Ragowar Dutsen Kicin Ɗin Abokina

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a sana'ar sa tayil, abokina na tun firamare ya gama gininsa a Rano, ya ce ni zan ɗora masa dutsen kantar kicin. Baƙin dutse ne mai sheƙi, wansa Alhaji ne ya saya masa a Kano. Na auna, na yanka, na ɗora. Sai wani falle ya ragu, bai kai faɗin tabarmar salla ba.

Na ce, "Mutumina, wannan fa?"

Ya yi dariya. "Me zan yi da shi? Ɗauka kawai, ka rage min shara."

A ranar na hau bayan mai babur, na rungume dutsen nan har garinmu Fammar, sai ka ce jariri na ɗauko. Mahaifiyata ƙuli-ƙuli take yi, a kan wani tsohon katako mai tsaga take murzawa. Na goge bakin dutsen, na girka mata shi a kan bulo. Ta daɗe tana shafa shi.

"Kai ɗan nan, wannan ai na gidan masu hali ne."

Har maƙwabta ta kira su gani.

Ranar walimar shiga gida, muna zaune a ƙofa an cika, Alhaji ya leƙa kicin ya fito.

"Malam mai tayil, ina ragowar dutsen? Na san girman abin da na saya."

Na ce, "Alhaji, ai mai gidan ne ya ba ni."

Kowa ya juya ga abokina. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya cokali a cikin shinkafa.

"To... ni dai ban tuna mun yi haka ba."

Alhaji ya girgiza kai. "Halin masu aikin hannu ke nan. Ka kira su aiki, su mayar da kayanka ganima."

Babu wanda ya ce ɓarawo. Ba a ma buƙatar a faɗa.

Washegari na je Fammar. Na tarar da Inna tana tsakiyar aiki, na tsaya ina kame-kame. Daga ƙarshe ta gane abin da ya kawo ni. Ta kwashe ƙulinta, ta wanke dutsen da sabulu, ta goge shi da gefen zaninta.

"Mayar musu da abinsu a tsaftace," in ji ta.

Maganar ta bi ni har garin Rurum, inda nake samun aiki. Akwai gidajen da suka fasa ba ni aiki, akwai wanda ya sa ƙaninsa ya zauna yana gadina har na tashi.

Daga baya abokina ya tare ni a tasha, ya ce, "Ka san halin Yaya, ba a musu da shi a gaban mutane. Ka yi haƙuri." Na ce ba komai. Muna gaisawa har yau, iyakarta ke nan.

Yanzu ko ɓallin tayil ya ragu, a gaban mai gida nake tara shi in tafi. Wasu na cewa na cika tsiya. Su faɗa.

Dutsen kuwa yana nan a bayan gidan abokin nawa, jingine da katanga inda na ajiye shi ranar da na mayar, ciyawa ta rufe rabinsa. Har Inna ta rasu, a kan katako take murza ƙuli.