Sabi'u Mai Inji da Zazzaɓin da Ya Biyo Shi Daga Binuwai

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, wanda aka fi sani a Daura da Sabi'u Mai Inji. A ƙarshen damina ya rasu, gero ya nuna ana shirin girbi. Tun daga lokacin, duk shekara idan ruwa ya kwanta a lungunan unguwarmu, sauro ya fara kuka da magariba, sai in ji raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba.

Makaniki ne. Injin niƙa, injin ban-ruwa, janareto, duk abin da ke shan mai yana ƙara, hannunsa ya san shi. Daga Baure da Mashi, har daga tsallaken iyaka, ana ɗauro masa injuna a bayan babur. Dogo ne, mai yawan dariya, kuma yana alfahari da abu ɗaya: bai taɓa kwana a asibiti ba. Idan wani ya ce kansa na ciwo, sai Yaya ya ce ya sha fura mai sanyi ya koma aiki. Ba mugunta ba ce. Shi dai bai san ciwo ba, kuma ya ɗauka kowa haka yake.

A daminar da zai rasu, wani malamin jami'a ɗan garinmu, wanda kowa ke kira Dakta, ya zo shagonsa. Malamin tarihi ne. Shi da ɗalibansa za su shiga jirgin ruwa mai inji daga Lakwaja su haura Binuwai, su bi hanyar da Turawan farko suka bi da jiragensu. Yana neman wanda zai kula da injin, wanda kuma ya yarda da shi. Yaya bai taɓa ganin ruwan da ya wuce madatsar da muke zuwa kamun kifi muna yara ba, amma tun kafin Dakta ya gama bayani ya amsa.

Innarmu ba ta so ba. Ta ce, "Kai da ko iyo ba ka iya ba, me ya haɗa ka da kogi?"

Ya ce, "Inna, inji zan gyara, ba iyo zan yi ba."

Dukkanmu nutsewa muke jin tsoro. Matarsa Karime har layu ta so ta ɗinka masa a riga saboda ruwa. Babu wanda ya tuna da sauro a cikinmu.

Ya yi fiye da wata guda ya dawo, ya yi baƙi, ya ɗan rame, bakinsa cike da labari. Da la'asar mutane kan taru a gindin darbejiyar ƙofar shagonsa. Ya ba su labarin inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, kowane ruwa da launinsa. Ya ba su labarin kifin da sai mutum biyu suke ɗaga shi, da tsofaffin kaburburan Turawa da ciyawa ta rufe. Amma labarin da ya fi maimaitawa shi ne wanda Dakta ya ba su a cikin jirgi.

Wai Turawan da suka fara shigowa kogin da jiragensu, ba mashi ko kibiya ce ta ci su ba. Zazzaɓi ne. Yana kama matuƙan ɗaya bayan ɗaya, har a rasa mai hura wutar inji, a rasa mai riƙe jirgi, ana tsayawa a gaɓa ana binne mutane. Ba su san sauro ne ba, sun ɗauka iskar fadama ce ke kashe su. Baƙaƙen da ke aiki a jiragen kuwa yawancinsu suka tsira. Bayan shekaru wani jirgin ya sake zuwa, likitansa ya sa kowa shan kwinin, maganin zazzaɓi, kullum, suka je suka dawo ba su binne kowa ba.

Dakta ya ba da labarin ne don kowa ya sha ƙwayoyin rigakafin da aka raba musu, ya kuma kwana cikin gidan sauro. Yaya kuwa wani abu daban ya ji. Abin da ya zauna masa shi ne baƙaƙen sun tsira. Ya sha ƙwayar kwana biyu, ya ce tana sa shi jiri, ya bari. Gidan sauro kuma ya ce zafi.

Sai zazzaɓi ya shiga jirginsu su ma. Ya kama mai dafa musu abinci, ya kama ɗalibai biyu da ba sa shan maganin kan lokaci, har ya kama matuƙin jirgin. Yaya ne ya riƙa jiƙa tsumma yana goga musu, yana ba su ruwa a baki. Ɗaya daga cikin ɗaliban, mai suna Nura, ya fara suma. Yaya ya goya shi daga gaɓa, cikin taɓo, har asibitin wani gari a bakin kogi. Shi kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Wannan ne ya ƙara tabbatar masa da abin da ya riga ya yarda da shi.

Na taɓa yi masa gardama. Na ce, "Yaya, ai labarin cewa ya yi waɗanda suka sha magani su suka koma gida."

Ya ce, "Turawa ne, Isa. Mu a cikinsa aka haife mu. Ba ka ga ni da ban sha ba ni na ɗauki waɗanda suka sha ba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. A lokacin babu alamar komai a jikinsa.

Bai cika mako da dawowa ba ya fara jin sanyi da rana tsaka. Ya aika aka sayo masa maganin ciwon kai a kemis. Karime ta dafa ganyen darbejiya ya yi surace, ya yi gumi, ya ce ya warke, ya koma shago. Zazzaɓin ya riƙa tafiya yana dawowa. Duk wanda ya ce masa asibiti sai ya ce ɗan zazzaɓi ne, gajiyar hanya ce. Wata rana da azahar, telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ya rugo gidanmu. Ya ce ya tarar da Yaya tsaye a tsakiyar shago, ya riƙe bango, yana cewa a ja igiya jirgi zai bugi gaɓa.

Muka kai shi asibiti. Aka gwada jini, likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne kuma ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan shaida. An sa masa ruwa, an yi allurai. Sau ɗaya ya farfaɗo ya gane mu. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya tambaya ko Nura ya tashi. Na ce ya tashi. Ya lumshe ido. Washegari bayan la'asar ya cika, hannunsa cikin na Inna.

Nura ya tashi da gaske, don shi da Dakta suka zo ta'aziyya. Da Dakta ya ji yadda Yaya ya fahimci labarin, sai ya cire tabarau. Sannan ya ce ya yi shekara da shekaru yana ba da labarin nan a aji, bai taɓa tunanin wani zai ji shi ta wannan gefen ba. Inna tana daga bayan labule. Ta ce, "Kwana ne ya ƙare, Dakta, ba laifinka ba ne. Sai dai da ya sha maganin, da hankalina ya fi kwanciya." Har ta rasu ban ji ta ƙara wata magana a kan haka ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Na san ɗan abin gwajin nan zai burge shi, wanda ake ɗiga masa jini daga yatsa ya nuna ciwo kafin mutum ya gama shan shayi. Mai son na'ura ne, da sai ya nemi a buɗe masa shi ya ga cikinsa. Zai ga ana raba gidan sauro kyauta, ana bi gida gida da damina ana ba yara magani. Amma zai ga gidan sauron nan an kewaye lambu da shi, an rufe 'yan tsaki da shi. Zai ga kwatocinmu sun toshe da leda, ruwa ya yi kore a ƙofar gidaje. Zai ga mutum ya sayi rabin magani, ya sha, da ya ji sauƙi ya ajiye sauran. Abin da ya fi damuna shi ne zai ji maganarsa tana nan a bakin mutane. A majalisa nakan ji dattawa da hankalinsu suna cewa zazzaɓi namu ne, mun saba. Ba su je Binuwai ba, ba su san labarin Turawan jirgi ba, amma maganarsu ɗaya ce da tasa. Ban sani ba ko zai gyara musu, ko zai zauna ya taya su.

A daminar bana zazzaɓi ya kama ɗan Bilki, 'yar Yaya ta fari, wadda take aji huɗu a firamare lokacin da ya rasu. Da ta ji jikin yaron ya yi zafi da safe, surukarta ta ce a bari a ga yamma. Bilki ta ba ta haƙuri, ta goya ɗanta ta hau babur. Da na je duba su na tarar ɗakin yara a cike, an haɗa yara biyu a gado ɗaya. Wanda ke gefen ɗan Bilki daga wata ruga aka kawo shi, can wajen Baure, bayan ya yi kwana da kwanaki yana fama. Ɗan Bilki ya tashi ya nemi koko. Ɗayan bai tashi ba. Na ga ubansa, makiyayi, tsaye a baranda ya riƙe hular yaron, yana gaya wa duk wanda ya yi masa gaisuwa cewa ba su ɗauka abin zai kai haka ba.

Injunan da Yaya ya gyara yawancinsu sun zama ƙarfen gwangwan. Shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki, kuma yaran da ke zama a wurin ba su san sunansa ba. Idan zan auna shi da gaskiya, mutum ne da ya yi sakaci da ransa, amma bai taɓa sakaci da ran wani ba. Biyun nan duka shi ne, kuma ba zan ɓoye ɗaya don in ƙawata ɗaya ba.

Ranar da aka sallami ɗan Bilki, muna tafe a ƙofar asibiti, Bilki ta ce mini, "Baffa, da Baba yana nan, kana ganin zai yarda a kawo yaron nan tun ranar farko?"

Na ce, "Da shi ne ba lafiya, ban sani ba. Amma jikansa, ba zai ma tsaya jiran babur ba."

Ta gyara goyonta, muka ci gaba da tafiya.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya yafe masa, Ya jiƙan yaron makiyayin nan da ban ko san sunansa ba.