Fiyano a Shagon Kafinta

Malaman tarihi sun ɓata ƙarnuka suna leƙen kawunan manyan mutane, alhali gaskiyar ɗan Adam a ƙafarsa take. Baki yana yabon abin da bai ji daɗinsa ba, hannu yana tafi don na kusa da shi ya tafa, amma ƙafa ba ta iya fadanci ba. In ta motsa a ƙarƙashin tebur, to kiɗa ya shiga. Wannan kaɗai ne ilimin da na ƙara wa duniya, kuma na samo shi ne a bakin wani tafkin wanka da ke bayan unguwar Ruwais a Jidda, inda nake kaɗa wa injiniyoyin wani kamfanin Turawa fiyano kowace yammar Alhamis, a farkon shekarun saba'in.

Kafin nan malamin makaranta ne ni a Port Sudan, ina koya wa yara sunayen kogunan da ni ma ban taɓa gani ba. A can na fara jin jaz da buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amirka, a faya-fayen garmaho da ma'aikatan jiragen ruwa ke sayarwa in aljihu ya bushe. Buluz ba wani abin mamaki ba ne. Ka faɗi damuwarka, ka sake faɗinta ko wani bai ji ba, sannan ka bar fili a ba ka amsa. Duk wanda ya taɓa jin mata suna daɓe ya san tsarin. Na koya, na ajiye alli, na biyo Inna da ƙanwata zuwa Jidda da fiyanon lantarki irin wanda Larabawa ke kira org. Kafilina, wanda ya tsaya mini a wurin hukuma, ya sa aka rubuta mai gyaran rediyo a iƙamata, takardar izinin zama. Har na bar ƙasar ban gyara ko ɗaya ba.

A ƙungiyar kiɗanmu mu uku ne, ni ne shugaba. Akwai mai ganga, haifaffen unguwar Mahjar, wanda Hausarsa ke ƙarewa a tsakiyar magana ya cike da Larabci. Akwai mai busa saksafon, ƙahon Turawa, dattijo ɗan uwanmu Bahaushen Sudan, wanda ya tsufa yana busa wa 'yan sanda faretinsu. Dukansu Ustaz suke ce mini, kuma ba don girmamawa ba. Shugabancin bai wuce in nemo aiki, in nemo motar da za ta kwashi kaya, in zaɓi abin da za a kaɗa, in kuma sa ido a kan ƙafafu ba. Turawa suna cin nama suna zancen bututu, mu muna gefe kamar tukunyar fulawa. In na ga takalmi biyu uku sun fara bugun ƙasa, in riƙe wannan taken in ja shi. In ban gani ba, in sauya. Haka shekaru suka yi ta wucewa, ba daɗi ba wuya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Inna ba ta taɓa jin ina kiɗa ba.

Ba hana ni ta yi ba. Ni ɗan fari ne, ita kuwa ta zo da kunyar ɗan fari tun daga ƙasar Kano, ta ratsa Sudan da ita, ta tsallaka teku, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ba ta kiran sunana. "Kai," ko "wancan," in kuma ta ga dama, "yaron nan," ina da furfura a gemu. Ba ta haɗa ido da ni, balle ta zauna ta saurari abin da hannuna ya iya. Na taɓa kawo fiyanon gidanmu na Nuzla da sunan zan goge shi. Ina jona shi ta tuna tana da gaisuwar mara lafiya a maƙwabta. In an tambaye ta aikina sai ta ce, "Yana wajen Nasara." Ga shi ta fara tsufa, hawan bene ya koma sai da hutu a tsakiya. Na yi tunani irin na tsohon malamin makaranta, na gano cewa hanya ɗaya ce: kiɗan ya same ta a cikin taro, inda ba ita ta zaɓi ji ba, ba kuma wanda zai ce ga ta can tana sauraron ɗanta.

Sai ga bikin ɗiyar ƙanwata. Za a yi wuni a saman benenmu, mata zalla, daga la'asar zuwa magariba.

"Yaya, kiɗan Nasara a wunin 'yata?" in ji ƙanwata. "So kake dangin ango su ce mun taɓu?"

Na ce kyauta ne. Ta ce to, ba laifi, amma namiji ba zai hau saman ba, ko da kawun amarya ne, don mata sun riga sun mamaye wurin tun ranar lalle. Kuma ba za a ji ƙarar ganga a titi ba, kada masu sandar da ke zagayawa lokacin salla su zo mana gayya.

Muka samu mafita. Wani kafinta a ƙarshen lungu ya ba mu aron shagonsa. Za mu shiga mu rufe ƙofa, mu jingina katifu a jikinta, sautin ya bi doguwar waya ta kan katangu har saman benen, inda lasifika za ta fitar da shi a hankali. Ƙa'idata ce ba na kiɗa a wurin da ban tsaya da kaina na ji yadda sauti ke sauka ba. Ranar na karya ta. Na miƙa wa ƙanwata lasifikar da akwatin da ke ba ta ƙarfi a bakin matakala, na yi mata darasi: wannan a jona a wuta, wannan kada a murɗa. Ta ce, "Na ji, malam." Da hantsi na yi bisimilla a makirfo, na leƙo daga ƙofar shagon, na hango ta tana kaɗa mayafi ta saman katanga. Ana ji ke nan. Muka tafi salla da cin abinci.

Bayan la'asar muka shiga muka rufe. Shagon yana da 'yar taga ɗaya can kusa da rufi, wadda ko mage sai ta yi azumi kafin ta bi. Ga garin katako, ga warin gam, ga zafin Jidda mai ɗanko da ke manne riga a baya.

"Ya Ustaz," in ji mai ganga, yana kakkaɓe kujera, "wallahi na yi wasa a wurare, lakin yau ne farkon da zan yi a cikin akwati."

"Yi shiru ka zauna," in ji dattijo. "Kafinta ne, in ka mutu a nan makararka ba nisa."

"Kai za ka riga ni, ya Ammi, da wannan numfashin naka."

Na ce yalla, na ƙirga musu, muka shiga.

Taken farko kamar jefa guga ne a rijiyar da ba ka san ko da ruwa ba. Idona yana ta neman ƙafafu bisa sabo, ba abin da yake samu sai ƙafafun teburan da ba a gama haɗawa ba. Ban san ko in ƙara sauri ko in rage ba. Mai ganga yana shafa fata da 'yan tsintsiyoyinsa na ƙarfe don kada ƙara ta fita, dattijo ya tura tsumma a bakin ƙahonsa. Muka gama na farko. Muka shiga na biyu, buluz mai jan ƙafa. Na faɗi layin, na maimaita, na ɗaga hannu na bar filin nan da ake bari.

A cikin filin sai ga guɗa ta shigo ta 'yar tagar, siririya saboda nisa, amma guɗa ce.

Muka dubi juna. Na sake faɗin layin, na sake barin fili. Ba ta faɗo daidai ba, ta ɗan makara, amma ta zo. Mai ganga ya ce, "Allah! Suna amsawa, ya Ustaz." Daga nan na daina neman ƙafa, na koma bin kunne. In guɗar ta jinkirta in ja layin in jira ta, in ta zo da wuri in taƙaita. Na lura tana da nata lokacin, ba ta bin nawa, sai na ce ai haka manyan masu sauraro suke, ni na bi ta. A bakin tafkin Turawa ban taɓa samun wanda ya ba ni amsa ba. Iyakaci wani ya zo da kofi a hannu ya nemi a yi masa waƙar garinsu.

Akwai wata 'yar waƙa da Inna ke yi ta hanci in tana tankaɗe, in ta zaci ba kowa kusa. Ba ta da baiti, ko kuwa tana da shi ta bar shi a hanya. Na daɗe da gano cewa tana zama daram a kan buluz, kamar don ita aka yanka shi, amma ban taɓa kaɗa ta a gaban kowa ba. Da rana ta yi sanyi, hasken tagar ya koma ja, na yi wa mutanena alama su sassauta, na shigo da ita da hannun dama, hagu yana riƙe da gindin kiɗan. Na zagaya da ita, na sake zagayowa. Gumi yana ɗiga a kan maɓallan, yatsuna suna zamewa, ban yi kuskure ba. Ba zan ce na ji wani abu mai girma ba. Na dai ji kamar na sauke buhu a inda aka ce in kai shi. Na ɗaga hannu.

Guɗar da ta biyo baya ta fi duk na baya tsawo. Wata na sauka wata na ɗauka, har muka ji ihu da tafi a cikinta.

Dattijo ya cire ƙahon daga bakinsa, ya share leɓe. "Halas, shi ke nan," ya ce. "Ta ji."

Aka kira magariba muka tsaya. Muka buɗe ƙofa muka fito kamar waɗanda aka tsamo daga miya.

Washegari na je gaishe ta. Tana zaune a tabarma tana ware kwanukan aro, na maƙwabta gefe, namu gefe.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya. An ce shagon da zafi."

"Da zafi."

"Allah ya yi albarka."

Ba ta ɗago ba. Ta sa bayan hannu ta turo wani ɗan kwano wajena, alkaki ne a ciki. Ni kuwa na san karatun irin wannan shiru, a cikinsa na girma. Uwar da ta ji ɗan farinta ya ɗauko waƙar tankaɗenta a gaban matan unguwa, me za ta ce? Da ta yaba, da na san ba ta ji ba. Na yi wa kwanon nan sharhin da ko ɗaliban nahawu ba sa yi wa baiti mai wuya: me ya sa alkaki ba nakiya ba, me ya sa da bayan hannu. Na kai wa mutanena labari ranar Alhamis. Mai ganga ya ce, "Mabruk, ya Ustaz, yanzu sai ka mutu." Na ci gaba da kaɗa wa takalman injiniyoyi, kuma na lura na daina damuwa ko sun motsa.

Bayan 'yan makonni ƙanwata ta ce in raka ta Mahjar mu ga ɗakin amarya, tunda kawu bai taka ba tukuna. Muka je, aka kawo shayi, ta shiga nuna mini kaya kamar mai yawo da baƙo a gidan tarihi. Ga jeren kwanuka, ga katifa, ga akwatuna. Ta dafa wani keken ɗinki baƙi mai zanen zinariya.

"Wannan kuwa, Yaya, shi ya sha doguwar guɗa ranar wuni. Da aka ɗaga shi, dangin ango har tsalle suka yi."

Na ce wace doguwar guɗa.

"Ta dab da magariba mana. Ai shi muka bari na ƙarshe. Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa ɗaga kayan ana guɗa, tun la'asar."

"Kiɗan fa?"

"Wane kiɗa?" Ta tsaya da kofi a hannu. "Au. Ba wanda ya gaya maka?"

Amarya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ƙanwata ta kurɓi shayi, ta ce in yi haƙuri, hidima ce ta sha kanta. Wurin jona wuta ɗaya ne tak a saman benen, kwalliyar amarya kuma ta fara narkewa. Inna ce da hannunta ta cire wayar ta jona fanka, tun kafin a kira la'asar.