Facin Pani Leokadia

Shekara hamsin da takwas Pani Leokadia, wato Malama Leokadia, ta yi tana share gidan tarihin garinmu, kuma duk garin an san ko cokali bai taɓa faɗuwa daga hannunta ba. Ita ma ba ta bari a manta. In ka matsa kusa da wani hoto, za ka ji gyaran muryarta a bayanka, ko kai magajin gari ne. An yi mata ritaya sau biyu, duka biyun washegari ta dawo da tsummanta.

A babban ɗaki akwai firam guda da ba komai a cikinsa. Da can a cikinsa akwai hoton wata mata mai fige agwagwa, zanen hannu a kan ƙyalle, wanda sojojin Jamus suka ciro suka loda a mota lokacin da suka mamaye ƙasarmu a yaƙin duniya na biyu. Firam ɗin kawai suka bari, wai ya cika nauyi. Kowace safiya sai Leokadia ta goge shi, tana zagin ɓarayin ƙasa-ƙasa.

Ran nan, a bazarar 1996, shugaban gidan, Pan Zenon, ya shigo da gudu hula a karkace. An ga hoton a wani gidan gwanjo a ƙasar waje. Murna ta cika gari, mai gidan burodi har kyauta ya yi ta rabawa, shi da ko gaisuwa sai ya auna. Sai lauyoyin can suka ce a kawo hujjar cewa hoton namu ne cikin mako biyu, in ba haka ba a buga gwanjo. Takardun gidan kuwa duk sun ƙone a yaƙi.

Kwana uku Leokadia ba ta yi wa kowa gyaran murya ba, har aka fara tambayar ko lafiya. A na huɗu ta shiga ofishin Zenon ta ajiye masa wani tsohon ɗankwali mai jajayen furanni, an yanke masa kusurwa guda.

"Pan Zenon, ka ce su juya hoton. Dab da ƙafar agwagwar, ta baya, za su ga sauran wannan."

Zenon ya yi tsuru-tsuru, ya tambayi yadda ɗankwalinta ya je can.

"Ni na huda hoton, ɗan nan. Da sandar tsintsiya. Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Ashe a 1938, tana da shekara goma sha tara, Hipolit makanike ya leƙo ta tagar babban ɗakin ya ce zai aure ta. Yana tafiya ta rungumi tsintsiya ta kama rawar polka ita kaɗai, ta juya, ta sake juyawa, sandar ta shige hoton. Ta dama fulawa ta yi gam, ta yanki ɗankwalinta ta liƙe ta baya, ta shafe gaban da man takalmi. Masana daga babban birni sun sha tsayawa a gaban wurin suna yaba gwanintar mai zanen wajen fitar da inuwa.

Zenon ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage, amma ta sa hannu a takardar shaida, da cikakken sunanta.

Aka kai ɗankwalin, aka kara shi da facin, fure ya haɗu da fure. Lauyoyi suka sallama hoton.

Ranar da hoton ya dawo, 'yan badujalar ma'aikatan kashe gobara ne suka tarbe shi, kuma polka suka busa, 'yan ƙwal uba. Mata suka yi ta kiranta mai tsintsiya, wani tsoho ya rusuna ya nemi ta ba shi rawa, da sharaɗin a fara kwashe duk abin da za ta iya fasawa. Ta kai masa duka da jaka, tana dariya har da hawaye. Jama'a suka dage sai an nuna musu bayan hoton, gaban kam ba wanda ya damu da shi.

Da aka juya, Leokadia da ta hana duniya taɓawa ta ɗora yatsa a kan facin. Wata 'yar jarida ta tambaye ta ko an sha bikinta da Hipolit.

"A wata guda sojojin Jamus suka tafi da su, shi da hoton," in ji ta. "Na dai samu ɗaya."