Ciwon Kan Yayata a Zaman Makoki

Har yau in na tuna zaman makokin babanmu a Lakwaya sai raina ya ɓaci. Mutuwa dai ta Allah ce. Abin da dangi suka yi wa yayata shi ne na kasa haɗiyewa.

Tun kafin rasuwar take fama da wani irin ciwon kai. In ta kwanta, garau. Tana miƙewa zaune kuwa sai ƙeyarta ta ɗauka kamar ana jan ta da igiya, kunnuwa su toshe, amai ya taso. A kwance aka kawo ta daga gidan mijinta a Durun.

To, a danginmu babbar 'ya ita ke zama kusa da uwa tana karɓar gaisuwa. Ta zauna, ta cije, har ta yi amai a gaban baƙi, sannan ta koma ƙuryar ɗaki ta kwanta. Ba a jima ba ciwon ya lafa, ta shiga amsa gaisuwa tiryan-tiryan. Laifinta ke nan.

Goggonmu, ƙanwar Baba, ta leƙo da kwanon tuwo a hannu. "Oh ni! Wane irin ciwo ne mai barin mutum hira? Tashi, 'yar nan. Uba fa kika rasa, ba akuya ba."

Dangi suka ɗaga ta, suka jingina ta da bango kamar buhun gero, har da tokare ta da filo. Idonta a rufe, hawayen azaba na zuba, mata kuwa sai gyaɗa kai suke yi: "Yauwa, yanzu mutuwar ta shige ta." Na dubi leɓunansu suna ƙyalli da man miyar sadaka, wallahi ƙyamarsu ta kama ni.

Bayan an watse mijinta ya kai ta asibiti a Kano. Likita ya ce ruwan da ƙwaƙwalwa ke zaune a cikinsa ne ke yoyo ta wata 'yar kafa a gadon bayanta, haka siddan, ba faɗuwa ba duka. In ta miƙe sai ƙwaƙwalwar ta rinjayo ƙasa. Likitoci suka ɗebi jininta suka toshe kafar da shi.

Ranar sadakar arba'in ta shigo da ƙafarta, tsaye ƙyam. Da murnarta ta durƙusa gaban Goggo, tana jiran a ce mata sannu.

Goggo ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wajen matan.

"Ba na faɗa muku ba? Da aka gama wahalar zaman, ai ga ta nan ta warke."