Tukunyar Japan a Rugar Arɗo Buba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ga likitan dabbobi mai digiri biyu a durƙushe cikin mota, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana neman tukunya a cikin rediyo. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna jin motar shelarmu tana rera waƙa da yaren da babu mai ji, kuna ta dariya, ba ku san mafari ba. To, bari ku ji.

A lokacin ina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi, mataki na bakwai. Ga wanda bai san aikin ba, bayan kaka, kafin makiyaya su yi kudu da shanu neman ciyawa, mukan zaga rugage mu yi allurar rigakafin ciwon huhu. Allurar kyauta ce, amma 'yar gata ce. A cikin kula mai ƙanƙara ake ɗaukar ta, kuma da ƙanƙarar ta narke, ta zama ruwan banza. Ƙa'idar aikin ita ce mota ta fara zagawa da lasifika tana shela, ran da aka sa kuma a koma da allura.

Motar tamu ƙaramar bas ce ta hannu, 'yar Japan, wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Rediyonta mai allo ne, kuma tsohon mai ita ya bar waƙoƙinsa a ciki. Wanda ya haɗa mana lasifika, Allah Ya yafe masa, ta cikin rediyon ya bi da waya. Da an murɗa makulli sai wata mata ta ɓarke da waƙa a saman mota, kamar wadda aka yi wa rasuwa. In na danna makirufo ta yi shiru, in na saki ta ɗora daga inda ta tsaya. Maɓallin canja waƙa ya maƙale, na kashewa kuwa babu shi ma.

Waƙoƙin 'yan kaɗan ne, su suke ta juyawa. Direbanmu Malam Modu, Babarbare mai son jan magana, shi ya lura cewa sunan kowace waƙa a allon da harafi iri ɗaya yake farawa, wani abu mai ciki da kunnuwa biyu. Ya raɗa masa suna tukunya. Shekara biyu muka yi a haka. Ni kunya nake ji har raina, musamman in mun ratsa kasuwar Kazaure, inda surukina yake da rumfa. Modu kuwa har amshi yake yi.

Ana nan aka turo mana sabon shugaban sashe, Dakta Nasiru, mutum mai tsari, wanda ko biro ba ya ajiyewa a karkace. Ran da ya fara shiga motar, ba mu kai bakin titi ba ya ce a tsaya.

"Malam Habu, wace ce wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ita muka sayi motar."

Ya ce motar hukuma ba gidan biki ba ce, a gyara. Wallahi daɗi na ji. Muka kai ta wurin wani mai gyaran rediyo, ya haska allon da wayarsa ya ce harafin nan "hi" ake karanta shi. Wai rediyon yana jera waƙoƙi ne bisa gaɓar farko ta sunayensu, mu kuma a layin "hi" muka maƙale, alhali akwai wasu layukan birjik a ciki. Ya ware maɓallin, ya raba lasifika da rediyo. Muka dawo tsit kamar masu rakiyar gawa, Modu na ta kumbure-kumbure.

Da motar a haka muka yi shela a yankin Gwiwa. Ran allura Dakta ya ce da shi za a je rugar Arɗo Buba, wadda ta fi kowace yawan shanu, ga shi kuma washegari za su tashi. In suka tafi ba rigakafi, sai baɗi, in ciwon ya bar masu na baɗin.

Muka isa da hantsi. Filin da aka saba tara mana shanu wayam, ko ɗan maraƙi babu. Arɗo ya fito da sandarsa a kafaɗa, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka sake tambayar iyali. Da Dakta ya tambayi shanu, sai Arɗo ya dubi sama ya ce, "Ayya, sun ɗan fita."

Na ja shi gefe na ce, "Baffa, ni ne fa Habu. Ga Modu can. Me ya faru?"

Ya ce, "Na gan ku, ɗana. Amma ma'aikaci yau yana nan, gobe an sallame shi yana cin gashin kansa. Bara wasu suka zo da farar mota da fararen riguna, suka ce hukuma ce ta aiko su. Abin da suka tsira wa shanunmu, Allah kaɗai Ya sani. Wuya ya kumbura, na binne karsana uku da hannuna. Tun ranar muka yanke shawara: motar da ba ta kukan nan, ba ta hukuma ba ce."

Dakta ya zaro katin aikinsa. Arɗo ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya mayar cikin ladabi ya ce, "Likita, na waɗancan ya fi wannan ƙyalli."

Na buɗe kula na leƙa. Ƙanƙara ta fara iyo. Ni kuwa na san abin da ciwon huhu yake yi wa garke. Na faɗa wa Dakta. Ya ce da Modu, murya ƙasa-ƙasa, "Mayar mana da matar nan."

Modu ya fere waya da haƙori ya haɗa. Lasifika ta ɗauka, amma sai muka ji wani ƙato yana ihu da kiɗa kamar ana sauke kwanon rufi. Ashe da aka ware maɓallin, rediyon ya tsallaka wani layi. Arɗo ya zura kai ta taga ya ƙura wa allon ido.

"Kai bawana," ya ce da Modu, don ba a raba Bafulatani da Babarbare da tsokana, "ina tukunyar da ka taɓa nuna mini?"

Modu ya ce, "Ka ji Bafulatani! Karatun Japan ɗin ma ka iya?"

"Ban iya ba. Amma na san tukunya."

Nan Dakta ya ture Modu ya durƙusa gaban rediyo da kansa. Yana dannawa, haruffa na wucewa, makiyaya sun yanyame tagogi suna yanke hukunci. Wani harafi ya fito kamar ƙugiya, suka ce ba ita ba ce. Wani kamar katantanwa, ba ita ba ce. Wani kamar mutum ya faɗo daga keke, wani dattijo ya ce wannan ko a ƙafa aka ɗaura masa ba ya so. Sau biyu rediyon yana ɓacewa, wata murya ta hau yi mana kwatancen hanya da Japananci. Ni dai ina rungume da kula a inuwa, na lulluɓe ta da babbar rigata, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Can sai ihu ya tashi: "Ga ta nan! Tukunya!"

Matar nan ta ɓarke da kukanta. Ban taɓa jin muryar da ta yi mini daɗi kamar ta ranar ba. Arɗo ya saurara har ta kai inda take jan numfashi, ya gyaɗa kai, ya ɗaga sanda. Sai ga shanu suna ɓullowa daga bayan duwatsu, garke bayan garke. Ashe tun asuba suna nan a laɓe, ana jira a ji ko motar za ta yi kuka. Muka duƙufa, ba mu ɗago ba sai da muka gama, da sauran 'yar ƙanƙara kamar ƙwayar goro a gindin kula.

A hanyar dawowa matar ta yi ta rera waƙarta. Da muka shigo gari Dakta ya sa aka tsaya a wani kanti, ya sayo gam da kuɗinsa, ya tsiyaya a kan maɓallin canja waƙa, ya danne da babban yatsa har ya bushe. Sannan ya ce duk wanda ya taɓa rediyon nan, takardar tuhuma ce.

Har yau ban san abin da baiwar Allah nan take faɗa ba, kuma har yau surukina yana kawar da kai in mun wuce. Amma ga abin da aikin nan ya koya mini. Mutumin da aka taɓa cuta da farar riga, shi zai zaɓi shaidar da zai yarda da ita, ba kai ba. In ya ce tukunya, to ajiye digirinka ka durƙusa ka nemo masa tukunya.