Furen Mama a Gindin Randa

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Masaka, kusa da Abuja, amma shekarar da furen Mama ya buɗe ba za ta fita a raina ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina aikin ban ruwa a wani lambun furanni na bakin titi, ina haya a ɗakin baya na gidan wata ma'aikaciyar asibiti da muke kira Madam. Mama mahaifiyarta ce, tsohuwa daga Jos. Hawan jini ya kayar da ita sau ɗaya tana ita kaɗai a gida, shi ne Madam ta ɗauko ta. Ta zo da akwati ɗaya da wata tukunyar shuka a cinyarta, ba ta yarda an sa ta a bayan mota ba.

Shukar ba ta da wani kyau. Ganyaye ne dogaye kore, kuma ba a ƙasa suke ba, a cikin gutsattsarin ɓawon itace da gawayi. Mama ta ce marigayi mijinta ne ya raine ta, kuma duk shekara a Jos tana fitar da fure mai kama da bakin takalmin mata. Shi ya sa take ce masa silifa.

Shekara ta zagayo, babu fure. Mama kuma ta rame. Wata safiya ina ɗaure bokitina a keke na ji su a tsakar gida.

"Ko silifa ya ƙi garin nan," in ji Mama. "Shi ma ya fi ku hankali. Idan damina ta wuce bai yi fure ba, ni na koma gidana."

"Mama, ki koma wurin wa? Idan kin sake faɗuwa wa zai ɗaga ki?"

"Allah da ya ɗaga ni wancan karon ya yi tafiya ne?"

Da yamma Madam ta tsaya a ƙofar ɗakina, idonta ja. "Malam, kai ne mai fulawa. Don Allah ka yi wani abu. Ka san Mama, in ta faɗa sai ta yi."

Gaskiya ban taɓa rainon irin wannan ba. Na fara da abin da na sani, na kawo taki. Mama ta buge mini hannu.

"Kai ɗana, masara ka ga na shuka? Za ka ƙone mini shi!"

Na fitar da shi rana, ganye ɗaya ya yi ruwan ɗorawa, na mayar da shi inuwa da gudu. Ogana na lambu ya ce in haƙura, abin ƙasar sanyi ne. Maganar tasa ce ta tsaya mini a rai. Sai na zauna kusa da Mama na ce ta ba ni labarin inda tukunyar take zama a Jos. Ranar ta yi magana har shayinta ya huce. Ta ce a bayan kicin ne, ƙarƙashin bishiyar fiya, inda hasken safe kaɗai ke taɓawa. Da yamma sanyi yakan sauko daga duwatsu, mijinta ya sa rigar sanyi yana gunaguni, da asuba kuma raɓa ta jiƙa komai.

Ni ba ni da duwatsu, amma ina da randa. Kamar yadda uwata take yi a ƙauye, randata tana zaune a kan yashi mai laima a gindin mangwaro, ruwanta har yana kama haƙori. Na ƙaro yashi, na jingina tukunyar da cikin randar, na rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da iska ke shigowa. Muka daina shigar da ita falo da dare kamar yadda aka saba. Ruwa kuma sai na sama da na tara, shi ma sai ɓawon ya fara bushewa.

Mama ta ɗauko kujerarta ta dawo gindin mangwaron, wai tana gadi kada in kashe mata shi. A nan take wuni. Maƙwabciyarmu, wadda ashe 'yar wajensu ce, ta fara leƙowa, suna yarensu suna dariya. Har gwate suka dafa, aka zubo mini.

Cikin marka, lokacin da Abuja kan yi kwanaki ba rana, na ga wani ɗan tsiro mai gashi-gashi a tsakiyar ganyen. Mama ta ce kada in nuna shi da yatsa. Ya yi ta tsawo a hankali, kamar ba ya so. Ruwan ƙarshe ya kusa, ga akwatin Mama a shirye a bayan ƙofa.

Wata Lahadi suna shirin coci na fito ɗiban ruwa, sai ga shi ya buɗe. Sama fari mai zane-zane, ƙasa kuma ɗan takalmi mai sheƙi, launin zuma. Na ƙwala kira. Mama ta fito da ɗankwali a hannu, ta durƙusa da ƙyar, ta daɗe tana kallonsa.

"Munafuki," ta ce da shi, hawaye na zuba. "Ashe kai ma ka yarda."

Ta juya ga Madam. "Ke, ki fitar da kayan nan daga akwati kafin su yi wari."

Mama ta zauna tare da mu har ƙarshen rayuwarta, kuma a hannun 'yarta ta cika. Abin da na koya shi ne, baƙo ba ya zama da lallashi ko da faɗa. Ka tambaye shi yadda gidansu yake, ka saurara da kyau, sannan ka nemo masa ko ɗan kaɗan daga ciki.