Damin Mutanen Ƙanƙara

Kulu ta sha faɗa cewa da ta san abin da karatun boko zai jawo mata, da ta ɓoye fensirin mijinta Malam Hudu cikin toka. Mutum ya ba shekara hamsin baya, manomin gero a Tamawa, sai ga shi ya shiga ajin yaƙi da jahilci. To, madalla. Amma ran nan malaminsu, Malam Jibo, ya zo da wani littafi mai hotuna daga Dutsin-Ma, shi ke nan gida ya rasa sakat.

Wai akwai wasu mutane can ƙarshen arewa, suna kiran kansu Inuwit. Ƙasarsu ƙanƙara ce zalla, babu itace ko na asuwaki, babu gona, karnuka ke jan kayansu, rana takan yi watanni ba ta leƙo ba. Hudu ya dawo idonsa jawur, ko tuwo bai taɓa ba.

"Kulu, ba su da gero! Ko tsaba ɗaya!"

"To Malam, ni na cinye masu?"

Tun daga kakar nan, kowace shekara sai ya ware dami ɗaya mafi kyau, ya ba Kulu ta sa a ƙaramin rumbu, wai na mutanen ƙanƙara ne. Saura mai kai masu. Ya tambayi direbobin kasuwar Kurfi, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya taka har Dutsin-Ma, wani akawu ya nuna masa taswira, Hudu ya auna da yatsu, ya dawo yana cewa duka-duka taƙi biyu ne. Malam Jibo ya gaji da gaya masa cewa mutanen nan nama da kifi suke ci, ko turmi ba su da shi. Hudu ya ce ai rashi ne ya sa.

Abin da ke ƙona wa Kulu rai kuwa yana bayan katangarsu. Mairo ce, yayar Hudu, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu, ba ɗa, ba gona, idonta ya fara dushewa. Sun yi faɗa kan wata tsamiya ta gado, Hudu ya rantse ba zai ƙara taka gidanta ba. Tsamiya fa! Da damina Kulu takan kasa kunne, kwana biyu ba ta ji ƙarar turmi a gidan ba, ga Hudu nan a ƙofar gida yana koya wa mutane yadda ake kama kifi ta ramin ƙanƙara.

A shekara ta bakwai Ya'u mai fataucin shanu ya shirya tafiya Makka ta mota. Hudu ya yi tsalle. Ai a Makka duk duniya ke haɗuwa, ba za a rasa mutumin ƙanƙara ko ɗaya ba! Ya'u, don a rabu lafiya, ya ce a sussuka a kawo.

Hudu ya hau rumbu, ya ɗaga murfi, ya leƙa. Wayam.

"Kulu! An yi mana sata!"

"Ba sata ba ce, Malam. Na kai. Duk shekara nake kaiwa."

"Kin kai ina?"

"Wurin wadda ba ta da gona, ba ta da itace, ranarta ma ta fara ɗaukewa. Ni ban ga abin da littafinka ya faɗa da babu a bayan katangar nan ba."

Ya sauko yana huci, ya nufi gidan Mairo, Kulu na biye da shi. Suka same ta tana lalube, tana hura wuta da busasshen kashin shanu. Muryarsa kawai ta ji ta saki mafici.

"Hudu? Kai ne? Allah shi yi maka albarka. Kulu ta ce kai ke aiko mani da gero, ba don shi ba da tuni an rufe ni. Amma ɗan'uwana, shekara bakwai kana aike, ka kasa zuwa da ƙafarka?"

Mutumin da bakinsa ya ishi Tamawa kaf ya durƙusa gefen murhu, ya ɗauki maficin.

"Hanyar ce da nisa, Yaya."

Kulu ta dubi katangar da ko kafaɗarta ba ta kai ba, ta ja tsaki, ta share ido da bakin zane.